Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne: abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka tarar

Muna fatan zubi yana tafiya daidai a ƙungiyoyinku, kuma kwanon tara bai cika yin nauyi ba.

Yau za mu taɓa wani abu ne da kowace ɗayarmu ta sani a jikinta, sai dai ba mu cika tsayawa mu tambayi dalilinsa ba. Ana yankan albasa a gidan biki, wuƙa ta kuɓuce ta shiga yatsar wata, sai ki ji ke ce kika ce "wash!" har da janye hannu, alhali kina can gefe kina tsintar shinkafa. Yaro ya yi tuntuɓe farce ya ɗaye, kafin ma ya buɗe baki ke har kin ji wani abu ya tsarga miki tun daga yatsar ƙafa zuwa mara. Wata da ta ga wanzami ya zaro aska sai ta bar gidan. Wata kuwa labarin harbin kunama kawai za a cika ja, sai ki ga ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa. Mukan ce "tsikar jikina ta tashi", ko "sai na ji kamar ni aka yi wa". Kuma tun kaka da kakanni ake cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

To ashe ba daɗin baki ba ne. Fiye da shekara 30 ke nan masu binciken ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka da Asiya suna bin diddigin wannan abu, kuma sun tarar da shi a inda za a iya auna shi. Gaskiya ne jikinmu yana aron ciwon wani. Amma sun tarar da abin da karin maganar ba ta gaya mana ba: aron nan yana zaɓen mutane, kuma ko ya zo ba kullum yake kai mu ga taimako ba. Mu da muke riƙe da kuɗin juna da asirin juna, ya kamata mu san duka biyun.

Daga birai labarin ya faro. A birnin Parma na ƙasar Italiya, wani malami mai suna Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa suna nazarin yadda ƙwaƙwalwar biri ke sarrafa hannunsa. Ita ƙwaƙwalwa cike take da ƴan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, suna aika wa juna saƙo ba dare ba rana. A kan mutum guda akwai wajen miliyan dubu 86. Malaman suna sauraron ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da wata siririyar waya. Akwai ƙwayar da ke kama aiki duk lokacin da birin ya miƙa hannu ya ɗauki abinci. Sai suka lura in ɗayansu ne ya ɗauki abincin a gaban birin, shi yana zaune ko motsi bai yi ba, wannan ƙwayar dai sai ta tashi kamar shi ya ɗauka. Sun fara bayyana haka a 1992, a 1996 suka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi. Daga baya an yi ta zuzuta su, har wasu suka ce su ne tushen magana da tausayi da duk wani halin kirki na ɗan Adam. Wannan kam an wuce gona da iri, masana da yawa ma sun taka wa maganar birki. Amma tambaya ta riga ta fito: in ganin motsi yana tada wurin motsi, shin ganin ciwo yana tada wurin ciwo?

Kafin amsa, sai mun gane cewa ciwo ba abu ɗaya ba ne a ƙwaƙwalwa, aiki biyu ne ake yi lokaci guda. Akwai wani yanki da ya ratsa saman kai daga kunne zuwa kunne, kamar tsagar da mai kitso ke yi ta raba gaba da baya. A nan taswirar jiki take, kowace gaɓa da gurbinta. Leɓe da yatsu sun fi kowa samun fili, gadon baya kuwa ɗan kaɗan. Shi ke gaya miki inda abin ya same ki da irinsa, ƙaya ce a diddigen hagu ko ƙuna ce a bayan hannu. Sannan akwai wasu wurare biyu can ciki, ɗaya a naɗe ta wajen saman kunne, ana kiransa insula, ɗayan a tsakiya ta bayan goshi. Su ba ruwansu da taswira. Aikinsu su sa abin ya dame ki, ki ƙagu ya wuce. Na farko ya ce "ga inda yake", na biyu ya ce "wayyo".

A 2004, a birnin Landan, wata Bajamushiya mai bincike, Tania Singer, ta gayyaci mata 16, kowace da abokin zamanta. A sa matar cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, namijin ya zauna a gefe. An liƙa wa kowannensu waya a bayan hannu, ana sakar musu ɗan jan wutar lantarki mai zafi amma marar lahani, wani lokaci ita, wani lokaci shi. Ba ta ganin fuskarsa. Hannunsa kawai take gani ta madubi, sai wata alama a allo da ke nuna mata wa za a ja yanzu. Da aka ja ta, wurin taswira da wurin "wayyo" duk suka tashi. Da aka ja shi, taswirar ta yi shiru, amma wurin "wayyo" ya tashi kamar ita aka ja. Kuma matan da amsoshinsu suka nuna sun fi tausayi, nasu ya fi tashi.

Ku lura fa, ba kuka ta ji ba, ba jini ta gani ba. Sani kawai ta yi cewa yanzu yana jin zafi. Shi ya sa uwa tana Tawa, a bugo mata waya a ce ɗiyarta na naƙuda a Yamai, tuwo ya gagara wuce mata maƙogwaro.

Daga baya aka ga ita ma taswirar ba kullum take shiru ba. A shekarar nan dai ta 2004, Christian Keysers da abokan aikinsa suka nuna wa mutane bidiyo ana shafar ƙafar wani, sai wani sashe na wurin jin taɓi ya motsa kamar tasu ƙafar aka shafa. A 2005 kuma, a Roma, Alessio Avenanti ya nuna wa mutane ana soka allura a hannun wani, yana auna saƙon da ƙwaƙwalwarsu ke aika wa nasu hannun. Daidai tsokar da aka soka a hoton, ita ce saƙonta ya ragu a hannun mai kallo, kamar ta ƙame tana jira. Ta nesa da ita ba abin da ya same ta. Da aka soka allurar a tumatir, ko gezau. Ashe jiki ya san bambancin mutum da kayan miya.

To in haka ne, me ya hana mu faɗi muna birgima duk lokacin da wani ya ji ciwo? Fatarki ce ke ƙaryata labarin. Ido ya kai rahoto an taɓa hannu, fatar hannunki ta aika nata cewa ni dai ba wanda ya taɓa ni, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci: na wata ne, ba naki ba. Wani likita ɗan asalin Indiya da ke aiki a Kaliforniya ta Amurka, Ramachandran, ya gwada wannan da mutanen da aka yanke wa hannu. Irin waɗannan mutane da yawansu suna ci gaba da jin kamar hannun yana nan. Da suka kalli ana shafar hannun wani, sai suka ji shafar a nasu hannun da babu. A fassararsa, babu sauran fatar da za ta tashi ta ce ƙarya ne.

Akwai kuma masu lafiyarsu ƙalau waɗanda wannan shingen nasu siriri ne. A jami'ar Bamingam ta Ingila an nuna wa mutum 108 hotunan rauni iri-iri, har da karayar ƴan wasa, aka fitar da sakamakon a 2010. Kowa ya ji ba daɗi, amma 31 daga cikinsu, kusan ɗaya cikin uku, sun ce su zafi na gaske suka ji a jikinsu, na ɗan lokaci, sau da yawa a daidai wurin da wancan ya ji ciwo. Akwai ma waɗanda suka wuce nan. A 2005 Sarah-Jayne Blakemore ta Landan ta ba da labarin wata mata mai shekara 41 wadda in ta ga an taɓa kumatun wani sai ta ji taɓin a nata kumatun, ƙarara. Tun tana yarinya haka take, ta ɗauka kowa ma haka yake ji. Da aka ƙidaya irinta a cikin ɗalibai a Ingila, an samu wajen mutum ɗaya cikin 60.

Wannan muna so mu ja hankalinmu a kai. In kina da ɗiya ko ƙanwa wadda ba ta iya tsayawa wurin yankan rago, ko jiri ya ɗebe ta in ta ga ana wanke gyambo, ko ta ce miki "Inna, ni ma nan wurin yana mini zafi", kada a yi saurin cewa raki ne, balle a ce iska ce a fara yawon neman magani ana kashe kuɗi. Halitta ce, kamar yadda wata ke jin ƙaurin tuwo tun daga zaure wata kuwa sai ya ƙone. In abin yana hana ta barci ko cin abinci, ko tana suma, a kai ta likita a duba. In ba haka ba, a bar ta ta yi aikin da za ta iya. Wurin jinya ba mai riƙe majinyaci kawai ake bukata ba, ana bukatar mai dafa kunu da mai kula da yaran da aka bari a gida.

Yanzu ga ɓangaren da ba ya da daɗin ji. A 2006, a birnin Mantiriyal na Kanada, a ɗakin binciken Jeffrey Mogil, an ba ɓeraye biyu abin da ke murɗa ciki a lokaci guda, suna ganin juna. Kowanne sai ya fi murƙususu fiye da in shi kaɗai ne. Amma fa sai in sun yi makonni suna kwana keji ɗaya. In baƙon ɓera ne, ba abin da ke ƙaruwa. A 2015 suka maimaita da ɗalibai, kowa ya tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara. In aboki ne zaune a gabansa shi ma hannunsa a ruwan, zafin ya fi. In baƙo ne, kamar shi kaɗai yake a ɗakin. Sun gano ɗari-ɗarin da jiki ke yi da baƙo shi ke toshe hanyar. Da aka sa baƙin biyu suka yi wani wasan kiɗa na bidiyo tare, na minti 15 kacal, sai suka fara jin na juna.

Minti 15! Mu kuwa da muke zama tabarma ɗaya kowane mako, shekara da shekaru, ana ƙirga kuɗi ana wasa da dariya, ba mamaki in ɗayarmu ta kwanta mu ji kamar a gidanmu ne. To amma amaryar da aka kawo daga wani gari bara fa? Matar da rashin tsaro ya koro da ƴaƴanta ta sauka a bakin unguwa, Hausarta ma ba irin tamu ba, ko ba ta ji sam? Ciwonta bai fi namu sauƙi ba. Jikinmu ne bai koyi jinsa ba tukuna.

Abin bai tsaya ga baƙunta ba. A Zurik ta ƙasar Suwis, a 2010, Grit Hein ta tara maza magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, suna kallo ana jan wani da lantarki. In ɗan ƙungiyarsu ne, insula ta tashi, kuma da yawa su yarda a raba zafin biyu su ɗauki rabi. In ɗan ƙungiyar da suke gaba da ita ne, tashin ya ragu, wasu ma wurin jin daɗi ne ya motsa a kansu, kuma su ne suka fi ƙin taimakawa. Duk wadda ta taɓa zama gaban talabijin ranar kokowar takobi, aka kada ɗan wata jiha ƙasa tim gida ya kaure da guɗa, ta san wannan ba sai an kai ta Turai ba. A kokowa wasa ne. A zaman gida da kishiya ko facala, ba wasa ba ne.

Sai wanda ya fi kusa da mu, don na kuɗi ne. A 2006 Tania Singer ta sa maza 16 da mata 16 wani wasa na amana, ka ba mutum kuɗi ko ya mayar maka da rabonka ko ya danne. Cikin abokan wasan an shirya wani ya riƙa yin gaskiya, wani ya riƙa cuta. Bayan nan aka ja su biyun da lantarki a gaban masu wasan. Mai gaskiya kowa ya ji masa. Macucin kuwa, a wurin maza tausayin ya kusa ɓacewa, har wurin jin daɗi ya motsa. Matan sun ci gaba da ji masa. Kafin mu fara taƙama, mutum 32 ne kawai, kuma a Landan. Mu dai mun san yadda fuskoki ke canzawa a wurin zubi in aka ce wadda ta yi watanni ba ta biya bashi ba ɗanta ba lafiya. Akwai mai cewa "Allah sarki", akwai mai taɓe baki.

Nan ne maganar ta shafi akwatinmu. Ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan kuɗi daban na taimako, don haihuwa ko rasuwa ko gobara ko kwanciya asibiti. In aka bar shi sai ranar da abu ya faru sannan a zauna a ga "yadda aka ji", to jiki ne zai yi rabon, kuma mun ga yadda yake rabo. Wadda ta daɗe, mai faran-faran, wadda ta iya ba da labarin ciwonta har hawaye ya zubo mana, ita za ta samu da yawa. Sabuwa, ko mai baƙin jini, ko wadda aka taɓa samun saɓani da ita, sai a ce a bari mu gani. Wasu na ganin sa doka a kan taimako rashin tausayi ne, wai ai zuciya ce ke bayarwa. Mu a ganinmu dokar ce ke kare wadda zuciya ta manta da ita. A yanke tun kowa na lafiya, a faɗa a gaban kowa, magatakarda ta rubuta: haihuwa kaza, rasuwa kaza, kwana asibiti kaza, kuma ko wace ce. Wadda ta ji tana son ƙarawa daga lalitarta, hanya a buɗe take. Maganar bashi kuwa a yi ta ranarta, kada a haɗa ta da ranar ciwo.

Akwai wata da ta fi kowa faɗawa wannan rami, ita ce mai dauriya. Mun taso an koya mana cewa mace ba ta raki, ta fari ma ko naƙuda take sai ta cije, kunya ba ta barinta ta yi ƙara. To ƙwaƙwalwar mai kallo da abin da ta gani ko ta ji take aiki: yamutsa fuska, nishi, jini, ko a gaya mata. Wadda ta shanye nata ta zo taro da murmushi, ba ta ba jikinmu abin da zai ara ba. Haka masu ciwon da ba ya nunawa a waje, ciwon baya na shekaru, ciwon mara, ciwon kai mai dawowa, ko uwar yaro mai amosanin jini da ke kwana zaune in ciwon ya tashi. Waɗannan sai da tambaya. In wata ta fara fashin taro, ko zubinta ya fara tangal-tangal alhali da ba haka take ba, kafin a aika mata da maganar tara a aika mutum biyu su zauna da ita. Kuma in ta ce "lafiya lau", a ɗan ƙara zama.

Abin daɗin shi ne shingen nan yana rushewa. Ita dai Grit Hein, a 2016, ta gwada ƴan Suwis da mutane ƴan asalin yankin Balkan, waɗanda wasu a ƙasar ke yi wa kallon raini. Ɗan Suwis na jiran a ja shi da lantarki, sai baƙon ya sadaukar da kuɗinsa don a fasa. Sau kaɗan aka yi haka, sai ƙwaƙwalwarsa ta fara jin ciwon ƴan Balkan, har da wanda bai taɓa yi masa komai ba. Wato ba sai an jira tausayi ya zo sannan a yi alheri ba. Sau da yawa alherin ne ke fara zuwa, tausayin ya biyo sawu.

Wata za ta ce, to su ma'aikatan asibiti fa, da suke tsira allura suna hira kamar ba mutum suke yi wa ba? An duba wannan ma. A Taiwan, a 2007, Yawei Cheng ta nuna wa likitoci masu maganin tsira allurai bidiyo ana soka wa mutane allura a hannu da ƙafa da gefen baki, ta nuna wa waɗanda ba aikinsu ba ne. Na biyun wurin "wayyo" ya tashi. Likitocin kuwa shiru, sai wuraren tunani da kame kai na bayan goshi suka ɗauki aikin. In ba haka ba hannu zai yi rawa, kuma ba mai iya ɗaukar ciwon mutum hamsin kowace rana ya kai shekara. Saboda haka ungozomar da ba ta firgita ba lokacin da kowa ya rikice, ba ƙeta ba ce, ita ake so. Amma kame kai daban, tsawa da zagin mai naƙuda daban. Na biyun ba wani bincike da ya wanke shi.

Mu ma muna da darasi a wurinsu. Jin ciwon wata a jikinki ba shi ne taimakonta ba. In ya yi yawa sai ya koma naki ciwon, abin da kike nema a lokacin ki samu sauƙi ke, ko da ta hanyar ficewa ne. Kun san masu zuwa dubiya su fashe da kuka a bakin gado, har majinyaciya ta koma tana ba su haƙuri. Olga Klimecki da Tania Singer sun gwada horo iri biyu, suka fitar da sakamako a 2014. Da aka horar da mutane su riƙa shiga cikin wahalar wani suna jin ta, ransu ya ƙara ɓaci. Da aka horar da su su riƙa kallon mai wahalar da ƙauna da fatan alheri, ɓacin ran ya sauka, wasu wurare daban na ƙwaƙwalwa suka kama aiki, irin na kusanci da kulawa. Mai jinyar da ta wuni tana "kamar ni, kamar ni", kwana uku ta faɗi. Wadda ta ce "me take bukata yanzu, ruwa ko a juya ta?" ita ke kai wata. Duk da haka kada a bar wa mace ɗaya jinya don an ga tana da juriya. A yi karɓa-karɓa.

Kada mu manta madubin nan fuska biyu gare shi. Yadda kike ɗaukar na yaronki, haka yake ɗaukar naki. Ranar rigakafi, tun kafin allura ta taɓa shi yana karanta fuskarki da yadda hannunki ya ƙame. Masu bincike a Kanada, su Christine Chambers, sun lura cewa in uwa ta yi ta maimaita "kada ka ji tsoro, ba komai", yaro yakan ƙara rikicewa, don ya gane ita ce ke tsoron. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage zafin rigakafi: uwa ko mai kula da yaro ta kasance a wurin, ta rungume shi a jikinta, jariri a ba shi nono lokacin allurar ko gab da ita, wanda ya ɗan tasa a ɗauke masa hankali da wasa ko hira, kuma kada a yi masa ƙaryar cewa ba zafi. Mu ƙara da namu: a daina yi wa yara barazana da allura in sun yi ƙiriniya. In kin san ke ba ki iya gani, ki kalli fuskar ɗanki ki bar kallon allurar, ki saki numfashi a hankali. Rashin iya kallo bai kai dalilin tsallake rigakafi ba. In ya gagara, kakarsa ko maƙwabciya ta riƙe shi ke ki tsaya kusa.

Hannu ma magani ne, an auna. A 2006 a Amurka, James Coan ya sa matan aure 16 cikin na'urar nan, ana nuna musu alamar cewa mai yiwuwa a ja su da lantarki. In mace ita kaɗai ce, wuraren fargaba su tashi sosai. In ta riƙe hannun wanda ba ta sani ba, su ɗan sauka. In hannun mijinta ne, su sauka ƙwarai, kuma wadda zaman aurenta ya fi daɗi ita ta fi samun sauƙi. A ɗakin haihuwa an ga abin da ya fi wannan. A 2017 an tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000. Waɗanda suka samu mai zama da su tun farkon naƙuda har ƙarshe, tana ƙarfafa su, tana shafa baya, tana ba su ruwa, naƙudarsu ta fi gajarta, sun fi haihuwa da kansu, an fi rage yi musu aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kowace mai naƙuda ta zo da wadda ta zaɓa da kanta.

Ba kowane ɗakin haihuwa ke da filin hakan ba, wani gado uku ne a ɗaki ɗaya ba labule. Don haka in akwai mai ciki a ƙungiyarku, tun ranar awo a tambayi ungozoma ko ana barin mai rakiya ta shiga, in ana bari har zuwa wane lokaci. A tambayi mai cikin ita ma, a keɓe, wa take so. Wata uwarta za ta ce, wata kuwa kunyar uwar take ji ta fi son ƙawa ko yayarta. Wadda aka zaɓa ta kasance mai sanyin rai wadda ta taɓa gani, ta bar lambar wayarta a hannun maigidan da shugabar ƙungiya, kuma a san mai mota ko mai amalanken da za a tasa in abin ya zo da dare.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaida mutan gida.